Gaisuwar Farsha

A unguwar Digel, in ka tambayi Falalu tela, ƙaramin yaro ma zai kai ka rumfarsa. In kuwa ka ce Metir Falalu kake nema, mai koyar da tekwando, sai a yi ta kallon-kallo kamar ka tono wani abin kunya, can wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Au, ɗan Malam Waliyyullahi? Mai shure-shuren nan?" Mutum ɗaya ne. Da safe yana kan keken ɗinki, yana haɗa jallabiyoyi da rigunan 'yan lekol, wato 'yan makaranta. Da an sallame azahar sai ya rufe rumfa, ya ɗaure jakarsa a bayan wani tsohon keken hawa mai kukan tsiya, ya ratsa Njamena tun daga gabas har yamma, zuwa Farsha. Ya fi shekara talatin yana wannan tafiya, kuma a cikin mutanen unguwarsu babu wanda ya taɓa tambayarsa ya aiki.

Kakansa ya baro ƙasar Katsina da ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a bakin kogin Shari don ya huta ya nemi guzuri. Hutun nan bai ƙare ba har aka binne shi. Irin gidajen nan suna da yawa a garin: sun haifi 'ya'ya da jikoki a nan, sun yi gine-gine, amma in suna magana sai ka rantse gobe za su ɗaure kaya su ci gaba da tafiya. Hausa a gida, Larabci a kasuwa, idon kowa a kan kowa. Mahaifin Falalu, Malam Waliyyullahi, yana sayar da littattafai da tasbaha da turare a Babbar Kasuwa, kuma shi ke jan salla a ƙaramin masallacin layinsu. Mutum ne marar hayaniya. Ba ya duka, ba ya zagi, shiru yake yi, kuma wanda ya taɓa shan shirun nan ya gwammace bulala.

Bayan yaƙin da ya kora su ƙetare zuwa Kuseri, da suka dawo, Falalu ya tasa saurayi, ya sami aikin ɗaukar fatu a kusa da mayankar Farsha. Wata rana da yamma ya ji ihu yana tashi daga wani tsohon sito, ihun mutane da yawa a lokaci guda. Ya leƙa yana zaton faɗa ne. Sai ya tarar da samari cikin fararen kaya, a layi, suna shurin iska, wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji yana zagaya su yana ƙirgawa da wani yare da bai taɓa ji ba. Wannan shi ne Metir Jimadum, malamin wasan, tsohon soja, mutumin kudu, Kirista, wanda ya koyo abin a ƙasar waje. Abin da ya kama zuciyar Falalu ba tsalle-tsallen ba ne. Ya ga mutum biyu sun yi ta kai wa juna ƙafa kamar za su kashe juna, da malamin ya ce a tsaya sai ƙafa ta tsaya a iska, dab da kuncin abokin karawa, ta dawo ƙasa. Yaron da ya ga abin da masu bindiga suka yi wa garinsu bai taɓa sanin akwai ƙarfin da ke jin linzami ba. Washegari ya dawo, da warin fata a jikinsa, ya tsaya a bayan layi.

Ya yi shekaru yana zuwa gidansu bai sani ba, ko kuwa sun sani sun ɗauka motsa jiki ne. Asiri ya tonu ne ta hannun masoyi. An shirya wasan nuni a filin wata makaranta ranar wani biki, sai maƙwabcinsu Haladu mahauci, wanda ke alfahari da Falalu kamar shi ya haife shi, ya je har rumfa ya janyo Malam. "Zo ka ga ɗanka, Malam, yau ba mai kama ƙafarsa!" Haladu alheri ya nufa, Allah ya sani, kuma da ya zauna a kan naman sayarwarsa da ya fi wa kowa.

Ranar nan Falalu ya fasa katako da diddige, ya yi tsalle bisa mutum uku, jama'a suka yi ta sowa. Malam Waliyyullahi bai ga ko ɗaya ba. Abin da ya gani shi ne farkon wasan: an daka tsawa, samari sun miƙe a sahu, hannuwa a cinya, sannan duka suka sunkuya, baya a miƙe, kai a ƙasa, a gaban Jimadum. Ɗansa ne a farkon sahu.

Bayan magariba ya kira shi zaure.

"Abin da na gani yau, kullum kake yin sa?"

"Baba, gaisuwa ce bas, iyakarta ke nan. Ai mu ma muna tsuguna wa manya."

"Tsugunno na san shi, shi na yi wa ubana. Wannan da ka yi a tsaye, a salla na san shi. Kakanka ya tako daga Katsina don ya yi shi a gaban Ɗakin Allah, bai kai ba. Kai ka samo taka alƙiblar a Farsha."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai kore shi ba, bai yi masa baki ba. Amsa gaisuwarsa kawai ya daina. Kowace safiya Falalu zai zo ƙofar ɗaki ya tsuguna ya ce, "Baba, ina kwana," Malam ya juya fuska bango ya ci gaba da jan tasbaha. Malamai sun sha ja-in-ja a kan wannan sunkuyo, wasu su ce al'adar wasa ce, wasu su ce a guje ta, kuma Falalu ya ji duka ɓangarorin. Amma shi ba fatawa yake nema ba. "Lafiya lau" yake nema daga bakin ubansa. Da taurin kai irin na samari ya ɗauka in ya sami baƙar ɗamara, wadda ita ce alamar ƙwarewa a wasan, tsoho zai sauko. Ya samu, ya kawo ta gida a naɗe, ya tsuguna da ita a ƙofa. Bango dai aka kalla.

Haka aka yi ta tafiya har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Malam, ya ɗauke masa magana. A lokacin ne Falalu ya gane cewa wasan jira da yake yi ya zo ƙarshe. Ya shiga ɗakin da hantsi, ƙanwarsa Huseina tana yi wa tsoho fifita, ya tsuguna a bakin gado ya ce, "Baba, na daina. Daga yau ba zan ƙara sunkuyar wa ɗan Adam kaina ba, har in mutu." Fuskar Malam tana bango, amma ta wannan ɓarin ciwon ya kwantar da shi, ba wanda zai ce ga dalili. Huseina ta rantse ta ga yatsansa ya motsa a kan tasbaha. Bai jima ba ya cika, Falalu kuwa ya riƙe motsin yatsan nan, don ba shi da wani abin riƙewa.

Da ya koma Farsha bayan zaman makoki, ya gaya wa Jimadum alkawarin da ya ɗauka. Tsohon sojan ya ce masa da Larabci, "Wasanmu da sunkuyo yake farawa, da shi yake ƙarewa. Ba zan kore ka ba, amma ba zan iya tsayar da kai a gaban sahu ba." Lokacin Jimadum ya sami sabon ɗaki a tsakiyar gari, sai ya miƙa masa mabuɗin tsohon siton ya ce yaran Farsha nasa ne. Suka rabu ba faɗa. Ranar da aka binne Jimadum, Falalu ya tsaya can baya a bakin coci, ba wanda ya san shi cikin dangin mamacin, ya yi kukansa ya hau keke.

A siton nan ya kafa dokarsa: ba a sunkuya wa kowa. In ka shigo, ka miƙe, ka ɗora hannun dama a ƙirji, ka kalli malaminka a ido. Yaran mahauta suka zo, da na masu shanu, Larabawa da Gorane da Sara da Kanembu. Kayan wasa shi ke ɗinka musu da hannunsa daga ragowar farin yadi, shi ya sa kowane yaron Farsha wandonsa ya fi shi tsawo, don Falalu ba ya ɗinka wa yaro daidai da yau. Sabon shiga kan yi makonni bai ɗaga ƙafa ba, tsayuwa kawai yake koyo, yana gumi yana tsine wa wanda ya kawo shi. "Ƙafar da ke ƙasa ita ke shurin," in ji Falalu, "ta sama kai saƙo take yi." Yana ƙirga musu da yaren Koriya, hana, dul, set, ya yi musu faɗa da Larabci, in ya ga dama ya yabe su da Faransanci. Hausa kuwa ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Mutanensa ba su kawo masa yaro ko ɗaya ba. A wurinsu har gobe shi ne wanda ya yi wa wani ruku'u ya ɓata wa ubansa rai. Labarin ya daina bai taɓa yin ƙafa kamar labarin ya yi ba.

Can ɗaya gefen ma bai tsira ba. Al'adar jarrabawar baƙar ɗamara ita ce malami ya fito gaban alƙalai ya sunkuya, ya gabatar da ɗalibansa. Da yaransa na farko suka isa, Falalu ya fito ya tsaya ƙyam da hannu a ƙirji. Alƙalan suka ɗauka raini ne. Yaran ma, da ba su saba ba, wannan ya sunkuya a makare, wancan ya manta. Aka kayar da su kaf saboda rashin ladabi, har da Allamin, wanda duk zauren ya ga ba shi da na biyu. Allamin ya yi kuka a hanya, bayan wata guda ya koma wani kulob, shekara na zagayowa ya ɗaura baƙa.

Daga nan Falalu bai ƙara taka wurin jarrabawa ba, abin kuma ya zama jiki. Zai reni yaro tun yana majina har ya kai jar ɗamara, wadda daga ita sai baƙa, sannan wata rana yaron ya zo yana sosa ƙeya yana cewa Farsha ta yi masa nisa. Daga baya ma shi da kansa yake sauƙaƙa musu. "Lokaci ya yi, ka tafi wurin wane, ka ce ni na turo ka." Su tafi, su ci gasa, a buga sunan wani malami a bayan rigarsu. Kunya kan hana su dawowa gaishe shi, shi kuma girman kai ya hana shi nemansu. Ya taɓa aure, da wata mai haƙuri ana ce mata Lailatu, ba su haihu ba, ta gaji da mijin da ke dawowa da ciwon gwiwa da bakin da ba ya buɗewa, suka rabu lami lafiya. Kowace Juma'a Huseina kan aiko masa da tuwo. Ban da wannan kwanon, babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Furfura ta riga ta cinye masa gemu ranar da wata mota ta tsaya a ƙofar siton. Wani mai babbar riga ya fito, da budurwa a bayansa sanye da farin hijabi. Alhaji Abdussamad ne, ɗan kasuwar Kano da bai daɗe da buɗe shagon atamfa da shadda a Babbar Kasuwa ba, da 'yarsa Nuriyya. Ta fara tekwando a makarantarsu can gida, ta hana shi sakat sai ya nemo mata inda za ta ci gaba, aka ce masa akwai wani Bahaushe a Farsha. Dattawan masallaci sun ja kunnensa, sun ba shi tsohon labari daga tushe. Alhaji ya saurara tsaf ya ce, "Ni dai yarinyata ba ta taɓa barin salla ba. Allah ya jiƙan Malam."

Nuriyya na zuwa bakin ƙofa ta haɗe ƙafa ta sunkuya, yadda aka koya mata. Falalu ya daka mata tsawa da Larabci.

"Malam, yi haƙuri, ba na jin Larabci," in ji ta.

A ɗakin nan bai taɓa furta kalmar Hausa ba, sai da ya lalubo ta kamar mai neman allura a aljihu. "A nan ba mu yin haka, 'yata. Hannu a ƙirji. Kalas, shi ke nan."

Daga ranar ya fara koyon abin da yake zaton ya iya. Yaya ake cewa juya ƙugu kafin ƙafa ta tashi? Da wace kalma za ka gaya wa mutum ya saki kafaɗa amma kada ya saki ciki? Ita ke gyara masa, tana dariyar Hausarsa mai ɗanɗanon Larabci, shi kuma yana ce mata Kanawa sun cika sauri a magana kamar a ƙafa. In ya riƙe mata matashin shuri a gefe, uwarta na zaune a benci tana tsinke zogale don kada lokaci ya tafi a banza, sai ya ji bakinsa yana cewa ɗaya, biyu, uku. Yarinyar tana da ƙafar hagu irin wadda malami kan gani sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa, ga ta da naci. Falalu ya fara isowa Farsha da wuri. Har mai shayin bakin titi ya lura Metir ya fara amsa barkwanci.

Shekaru suka ɗan ja, ta ɗaura jar ɗamara. Ya san abin da ke biyo baya, ya kuma ƙudura zai faɗa kafin ta faɗa.

"Lokaci ya yi, Nuriyya. Akwai kulob a tsakiyar gari, su za su kai ki jarrabawa."

"Na tambaya, Malam. Sun ce sai na shekara a wurinsu. Mu kuma da damina za mu koma Kano, Baba ya ce jami'a zan shiga, wasa ya ƙare. Kuma ni ba na son wani ya tsaya min. Kai ka koya min. Me zai hana ka kai ni?"

Bai taɓa ba wani ɗalibi labarin ba, amma ita ya ba ta, a gajarce, yana kallon rufin kwano: filin makaranta, bango, gadon jinya, yatsa. Ya ce ita tana iya sunkuyawa yadda ta saba a gida, wannan tsakaninta da iyayenta ne, amma dole malami ma ya yi, shi kuwa ya ba mamaci alkawari. Ta murza bakin ɗamararta. Sannan ta ɗago ta yi murmushin da bai kai ido ba.

"To a bar shi, Malam. Ja ma ai ɗamara ce."

Ta koma layi ta ci gaba da atisaye, ba ƙorafi, ba kumbure-kumbure. Wannan ne ya karya shi. Duk yaran da ya rena sun bar shi saboda ɗamara, bai kuma taɓa ganin laifinsu ba. Yau ga wadda za ta bar ɗamara saboda shi.

Ranar Juma'a ya mai da kwanon tuwo gidan Huseina da kansa, abin da bai saba ba. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, ta zuba masa karkanji mai sanyi, wato zoɓo, ya gaya mata abin da ke tafe da shi. Yana so ta ce masa Baba ya yafe, ko kuwa ta ce kada ya kuskura. Ko wanne ta faɗa zai iya ɗauka.

"Yaya, ni ba zan yi maka ƙarya da tsufana ba," in ji Huseina. "Yatsa na gani ya motsa. Ko amsa ka ya yi, ko ƙuda ya dame shi, wallahi ban sani ba. Na ce ya amsa ne don na ga yadda fuskarka take. Wanda kuka ƙulla da shi ya tafi, ni ba ni da ikon kwancewa."

Ya shanye karkanjin ya yi mata godiya. Da ya fito, sai ya tura kekensa da hannu har gida.

An yi jarrabawar a zauren wata babbar makaranta, cikin zafin nan na gab da damina da ke sa rufin kwano ya yi ta ƙara shi kaɗai. Falalu ya zo da tsohuwar rigarsa da ya goge tun jiya, da ɗamararsa da ta koɗe ta koma ruwan toka. Matasan malamai suka yi ta satar kallonsa suna tambayar juna ko wane ne. A tsakiyar teburin alƙalai akwai wani ƙaƙƙarfa mai sanƙo, sai da ya yi magana Falalu ya gane muryar Allamin. Saboda Falalu ne babba a shekaru, kulob ɗin Farsha aka fara kira.

Ya taka zuwa tsakiyar fili yana ɗan jan gwiwar dama, Nuriyya a bayansa. Ya haɗe ƙafa. Hannunsa ya kama hanyar ƙirji shi kaɗai, sai da ya danne shi ya mai da shi cinya. Sannan ya sunkuya. Bayansa ya yi ƙara. Ya ga siminti, ya ga yatsun ƙafarsa da kaushin diddigensa, a zuciyarsa ya ce, Baba. Ba gafara ya nema ba, ba hujja ya kawo ba, kiran kawai ya yi. Da ya ɗago, alƙali ɗaya yana duba wayarsa, ɗaya yana tsiyaya ruwa a kofi. Allamin kaɗai ya gani, ya ɗan taso daga kujera da baki a buɗe, kamar zai tare wani abu da ke faɗuwa.

Falalu ya gabatar da ɗalibarsa, ya koma benci ya zauna. Aka kira kulob na biyu, malaminsu ya sunkuya. Aka kira na uku. Wani matashi ya fito, ya miƙe, ya ɗora hannun dama a ƙirji, ya kalli alƙalai a ido. Suka gyaɗa kai, suka rubuta, ba wanda ya ce uffan. Na bayansa ma haka, da wata malama mai laffaya bisa kayan wasa. Falalu ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

Da aka tashi hutun salla Allamin ya zo ya tsaya a gabansa, ya sa hannu a ƙirji.

"Metir, me ya sa ka yi haka? Ai ba dole ba ne yanzu. Mu da muka fito daga hannunka mun watsu a kulob-kulob, muka tafi da gaisuwarka. Wanda ya so ya sunkuya, wanda ya so ya yi wannan. Gaisuwar Farsha ake ce mata."

"Tun yaushe?"

"An daɗe, Metir."

"Ba wanda ya gaya min."

Allamin ya sunkuyar da ido. "Mun ji nauyin zuwa."

"Sahi," in ji Falalu, wato gaskiya ne. Ya ji haushi, ya ji kunya, amma abin da ya fi su duka nauyi shi ne kaɗaici, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da aka binne ubansa. Ashe gaisuwarsa ta zaga gari da sunan unguwarsa, shi yana can cikin sito yana tura yara wurin wasu. Ashe alkawarin da ya biya da dukan rayuwarsa ya karya shi yau a kan abin da ba a tambaye shi ba.

Nuriyya ta ci jarrabawar, kuma ba da kyar ba. Da ta fasa katako da ƙafar hagu sai da zauren ya yi tsit kafin a fara tafi. Bisa al'ada malami ke ɗaura wa ɗalibi sabuwar ɗamara. Falalu ya fito, ya zagaya mata baƙar a ƙugu, ya ƙulle. Yana jiran ta sa hannu a ƙirji su gama. Ita kuwa ta ga abin da ya yi da safe, ta ga waɗanda suka biyo baya, kuma ita kaɗai ce a zauren ta san abin da ya ajiye a kan simintin nan. Sai ta ja baya kaɗan, ta tsuguna har ƙasa a gabansa, cikin kayan wasa, a gaban alƙalai da kowa, yadda 'ya ke tsuguna wa ubanta a ƙofar ɗaki.

"Baba, na gode."

Idonsa ya ciko, ba ya kuma so a gani, sai ya kau da kai. Fuskarsa ta kai bango kafin ya ankara. Ya ga farin fenti da tsagar da ke jikinsa, ya ji yarinya tana tsugune a bayan kunnensa tana jira. Ya san wannan jiran, ya san tsawonsa. Da ƙarfi ya juyo da wuyansa, ya bar hawayen suka zubo a gaban duk wanda zai kalla.

"Lafiya lau, 'yata," ya ce, ko da yake ba ina kwana ta ce masa ba. "Lafiya lau. Allah ya yi miki albarka. Tashi."

Da ruwan farko ya sauka suka koma Kano. Allamin ya yi alkawarin zai riƙa leƙowa, ya zo sau ɗaya da kwalin lemo. A Digel labari ya iso cewa ɗan Malam Waliyyullahi ya sake sunkuyawa, wannan karon kam labarin bai ɓata lokaci a hanya ba. Falalu ya ci gaba da harkarsa. Yana rufe rumfa bayan azahar, ya hau keke, ya kewaye kududdufai har Farsha, ya share siton, ya jera sababbin yara masu dogayen wanduna. Wata yamma yana riƙe wa wani ɗan mahauci matashin shuri, hankalinsa ya tafi, sai ya ji kansa yana cewa ɗaya, biyu, uku. Yaron ya sauke ƙafa ya kalli 'yan uwansa, su ma suka kalle shi. Falalu ya gyara riƙon matashin ya ce, "Hana, dul," yaron ya ci gaba da shuri.